Tarihin Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo

Duk wanda ya bi gaɓar Gulbin Rima a ƙasar Sabon Birni, idan ya tambayi mutanen wurin za su nuna masa kufan Alkalawa. Ba abin da zai tarar sai tudun tsohuwar ganuwa da gonaki da kaburburan mutanen dā. Amma shekaru fiye da 200 da suka wuce, nan ne babban birnin Gobir, nan ne kuma Sarki Bawa Jan Gwarzo ya zauna yana mulkin da ya girgiza ƙasar Hausa ta yamma duka. Har yau Bagobiri ko ina ya ke, idan aka ambaci sunan Bawa sai ka ga ya gyara zama.

Galibin mutane da yaƙi suka san shi. Amma akwai wata rana guda cikin zamaninsa wadda ta fi dukan yaƙoƙinsa amfani ga mai karatu, watau ranar da wani malami ya tsaya gabansa a bainar jama'a, ya ƙi karɓar zinariyarsa, ya nemi haƙƙin talakawa a maimakonta. Za mu ba da labarin sarkin tun daga asalinsa, domin a gane yadda aka sami wannan haƙƙi, da kuma yadda ya suɓuce bayan 'yan shekaru kaɗan.

Asalinsa

Gobirawa tun dā can mazaunan Asben ne. Da Abzinawa suka matsa musu sai suka riƙa gangarowa kudu sannu sannu, suka zauna Birnin Lalle, daga baya suka ƙara matsowa. Zamansu a bakin iyaka, tsakanin mutanen hamada da sauran ƙasashen Hausa, shi ya horar da su ga doki da mashi, har a ke yi wa Gobir kirari da gidan faɗa. Tarihin Kano ya ambaci karonsu da Kanawa a zamanin Sarkin Kano Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, da kuma zamanin magajinsa Alhaji Kabe.

Uban Bawa shi ne Sarkin Gobir Babari. A zamanin nan ƙasar da ke gefen Rima ta Zamfara ce, ƙasa mai fadama da dausayi da yalwar abinci. Gobirawa suka riƙa shigowa cikinta da kaɗan kaɗan, a matsayin baƙi masu neman wurin noma, Sarkin Zamfara kuwa ya yardar musu. Wurin da suka fi taruwa gonakin Alƙalin Zamfara ne, shi ya sa a ke ce da shi Alkalawa. Zamfarawa suka zuba ido, baƙi suna ƙaruwa, suna ƙarfi, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Da Babari ya ga ƙafarsa ta kafu sai ya juya wa masu masaukinsa. Aka daɗe ana gwabzawa, har wajen shekarar 1760 da 'yan kai ya ci Birnin Zamfara, Sarkin Zamfara Maroki ya gudu Kiyawa. Babari ya kewaye Alkalawa da ganuwa, ya mai da ita gidan sarautar Gobir.

An haifi Bawa tun kafin wannan cin nasara, sabo da haka ya tashi a sansani, ya ga yadda a ke kafa mulki da takobi, ya kuma ga yadda sakaci ke rushe shi. Da Babari ya rasu sai ɗansa Ɗan Gudi ya gaje shi, shi kuwa bai daɗe ba ya faɗi a fagen fama. Daga nan sarauta ta faɗo kan ɗan'uwansa Bawa, cikin shekarun 1770.

Mulkinsa

A hannun Bawa Gobir ta kai iyakar ƙarfinta. Ya riƙe Zamfara da hannu biyu, ya sa Kabi da Adar da Ƙonni suna kwana da shirinsa, ya kuma ƙi kai wa Katsina gaisuwar da ta saba tsammani daga Gobir. Wannan ya jawo gaba mai tsawo tsakaninsa da Katsinawa, wadda ita ce ajalinsa daga baya. Jaruntakarsa ce ta sa aka laƙaba masa Jan Gwarzo. Alkalawa ta cika ta batse. Ayarin Abzinawa na sauke gishiri, fatake na wucewa da goro da tufafi, malamai da maƙera da majema da masaƙa suna ta kwararowa, gama inda ƙarfi ya ke nan kasuwa ta ke ci.

Kada mai karatu ya zaci sarautar Gobir ba ta da tsari. Akwai majalisar manyan sarakuna da a ke kira Taran Gobir, su ke zaɓen sarki, su ke ba shi shawara. Akwai Inna, mace daga gidan sarauta, wadda ke shugabancin mata da al'amuran gargajiya, maganarta kuwa tana da nauyi ƙwarai a fada. Akwai alƙalai da limamai da malaman fada, gama Bawa Musulmi ne, yana fita Idi, yana yi wa malamai alheri, ko da ya ke bai saki al'adun da sarautar kakanninsa ta ginu a kansu ba. Watau dai akwai mutanen da aikinsu ne su tsawata idan an ƙetare haddi. Abin tambaya shi ne ko sun yi.

Halin da talakawa su ke ciki

Yaƙi ba ya yiwuwa sai da guzuri, guzurin kuwa daga rumbun talaka ya ke fitowa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta wani littafi mai suna Kitabul Farƙi, inda ya lissafa irin abubuwan da a ke ɗora wa jama'a a ƙasashen Hausa na zamanin, ya kuma kira su da sunayensu na Hausa. Akwai jangali a kan shanu, da kuɗin gari, da kuɗin salla. Akwai gaisuwa, wadda ba mai ganin hakimi sai da ita. Akwai kamuwa, watau a kama dabbar mutum ko kayansa don hidimar sarki ba tare da biya ba. Akwai tawasa da a ke tsinta a kasuwa daga kayan masu sayarwa. Akwai gargaɗi, watau kiran yaƙi na tilas, wanda ya ƙi fita a ci shi tara. Idan mutum ya mutu, sau da yawa masu iko su kan shiga dukiyarsa kafin magada. Mai kuɗi ya kan sayi shari'a, marar gata ya kwana a kurkuku ba a ko tambaye shi laifinsa ba. Wanda aka kama a hari kuwa ana iya sayar da shi, ko da ɗa ne, ko da Musulmi ne.

Ba Gobir kaɗai ke da wannan hali ba, amma da ya ke ita ce mai yawan yaƙi, kuma tana zaune kan ƙasar da ta ci da ƙarfi, nauyin ya fi tsanani a kan Zamfarawa da Fulani makiyaya da talakawan ƙauye. To, me jama'a suka yi? Mafi yawa sun yi abin da talaka ya saba yi. Wanda ya gaji ya ɗaure kayansa da dare ya ƙaura. Wanda ba shi da wurin zuwa ya ce haka Allah ya ƙaddara, sarki kuwa ba a ja da shi. Malaman fada, waɗanda su ne suka san abin da shari'a ta hana, suka ga bakin da ya ci ba ya iya musu. Kowa ya ce ba ruwansa, muddin ba a taɓa gidansa ba.

Haɗuwarsa da Shehu

A cikin wannan ƙasa ta Bawa aka haifi Shehu Usmanu, a Maratta, cikin Disamba 1754, ya tashi a Degel. Ya fara wa'azi yana da shekara 20, watau wajen 1774. Yana yi da Fulatanci da Hausa, a ƙauyuka da kasuwanni, maza da mata suna saurare. Da fari ya nisanci fada sarai, bai kai gaisuwa ba, bai nemi kome ba. Sai da jama'arsa ta yi yawa, sunansa ya bazu, sa'an nan ya tafi wurin Bawa, wajen shekarar 1780, ya bayyana masa addini, ya yi masa nasiha da tsai da adalci a ƙasarsa. Bawa ya saurare shi, ya sallame shi lafiya.

Wannan ziyara ta buɗe wa Shehu ƙofa, gama hakimai da dagatai da suka ji Sarkin Gobir da kansa bai hana shi ba, sai suka ji nauyin hana shi. Daga baya ya shiga Zamfara, ya yi kamar shekara 5 yana wa'azi tsakanin mutanen da mulkin Gobir ya fi ƙuntata wa. Jama'a ta riƙa ƙaruwa, har rawani ya zama alamar mutanensa. Bawa tsohon mayaƙi ne, ya san taron da ba shi ya tara ba abin lura ne.

Taron Magami

Wajen shekarar 1788, lokacin Babbar Salla, Bawa yana sansani a wani wuri da a ke kira Magami, yana shirin yaƙi da Katsinawa. Ya riga ya tsufa a lokacin. Ya aika aka kira malaman ƙasarsa duka su zo su yi Idi tare da shi, aka kira Shehu. Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu, yana wurin, ya kuwa ambaci taron cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati. Malaman da suka hallara sun fi 1,000. Akwai ruwayar da ta ce Bawa ya kira Shehu ne da mugun nufi, amma da ya ga yadda malamai suka karkata wajensa sai ya sake shawara.

Bayan an sauko Idi sarki ya fito da dukiya ya raba wa malamai sadaka, kamar yadda aka saba. Rabon Shehu, bisa ga masu ruwaya, miskali 500 ne na zinariya. Shehu ya miƙe ya mai da kyautar, ya nuna shi da jama'arsa ba su da bukatar dukiyar sarki. Abin da ya ke so abu biyar ne, waɗanda Waziri Giɗaɗo ɗan Lema ya adana mana cikin Raudul Jinani. Na fari, a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ko ina cikin ƙasar Gobir. Na biyu, kada a tare duk wanda ya yi niyyar amsa kiran. Na uku, a girmama duk mai rawani, kada a wulaƙanta shi. Na huɗu, a saki waɗanda ke tsare a kurkuku. Na biyar, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya amince da su duka. Cikin waɗanda aka kwance har da Abarshi, ɗan gidan sarautar Zamfara, wanda ke tsare a hannun Gobirawa.

Ya kamata mu tsaya mu dubi waɗannan bukatu da kyau. Ta fari 'yancin magana ce. Ta biyu 'yancin mutum ne ya bi abin da zuciyarsa ta gaskata, ya kuma taru da wanda ya so. Ta uku kare mutunci ce. Ta huɗu ta shafi ɗaure mutum ba bisa ƙa'ida ba. Ta biyar ta shafi dukiyar talaka. Biyu na ƙarshen nan ba su keɓanta ga jama'ar Shehu ba. Fursunan Zamfara da manomin da ba ya ko zuwa wa'azi duk sun ci moriyarsu. Abin mamaki, a daidai wannan zamani, cikin 1789, mutanen Faransa suka rubuta tasu takardar haƙƙin ɗan Adam, Amurka kuma ta ƙara irin waɗannan sharuɗɗa cikin tsarin mulkinta a 1791, alhali ba wanda ya san labarin wani.

Me ya sa sarkin da Katsina da Zamfara ke tsoro ya saurari mutumin da ba shi da doki ko ɗaya na yaƙi? Dalili na fari, Shehu bai karɓi zinariyar ba. Da ya sa hannu ya karɓa, da ya zama ɗaya daga cikin masu godiya, bakinsa ya mutu. Na biyu, ya yi maganar a fili, gaban shaidu fiye da 1,000, inda ba a iya musunta ta gobe. Na uku, ba shi kaɗai ya tsaya ba. Bayansa akwai shekara 14 ta koyarwa, da dubban mutanen da suka fahimci abin da a ke nema musu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Amma kuma dole a ba Bawa nasa haƙƙi. Yana da ikon ya ƙi, yana da ikon ya sa a kama malamin nan take, sarakuna da yawa kuwa da haka za su yi. Shi ya auna, ya ga jan zaren da ya yi tauri tsinkewa ya ke yi, ya sassauta. Wannan hangen nesa yana cikin abin da ya ɗaukaka shi bisa waɗanda suka gaje shi.

Rasuwarsa

Daga Magami Bawa ya ci gaba da yaƙinsa. Ya yi nasara a Maraɗi, wadda a lokacin gari ne na ƙasar Katsina. Ana ba da labari cewa an shawarce shi ya tsaya nan, kada ya wuce, amma zuciyar mayaƙi ta ƙi. Ya kutsa gaba, ya gamu da rundunar Sarkin Katsina Agwaragi a Ɗan Kashi. Nan aka karya Gobirawa, aka kashe ɗansa da ya ke ƙauna. Masu tarihi sun ce baƙin cikin wannan rashi ne ya kwantar da shi, bai fi kwana 40 ba ya cika. Wannan ya faru wajen shekarar 1790.

Yadda alkawarin ya warware

Ɗan'uwansa Yakuba ya gaje shi, ya ci gaba da yaƙe yaƙe har aka kashe shi a Kiyawa. Sa'an nan aka naɗa Nafata, shi ma ɗan Babari. A zamanin nan jama'ar Shehu ta ƙara yawa, fadawa suka tsorata, suka riƙa zuga sarki. Nafata ya sa aka yi shela a kasuwa da doka uku. Kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu shi kaɗai. Wanda bai gāji Musulunci daga ubansa ba ya koma ga abin da ya tarar. Kada namiji ya ƙara naɗa rawani, kada mace ta yi lulluɓi. Da shela guda aka shafe uku daga cikin abubuwa biyar na Magami.

A nan ne aibin abin ya fito. Alkawarin Magami maganar sarki ɗaya ce. Ba a mai da shi ƙa'idar da za ta ɗaure wanda zai hau gado ba, ba a kuma ɗora wa wata majalisa tsaronsa ba. Da mai maganar ya kau, sai maganar ta bi shi. Cikin malaman da suka shaida taron, da yawa suna raye sa'ad da aka yi shelar Nafata, amma waɗanda ke cin abincin fada suka goyi bayan sarki, waɗansu suka yi shiru. A Ingila ma an taɓa yin haka. Cikin 1215 manyan ƙasar suka tilasta wa Sarki Yahaya, wanda su ke kira John, ya sa hatimi a takardar Magna Carta, ba a yi wata uku ba aka soke ta. Abin da ya raya ta shi ne mutanen ƙasar ba su daina nemanta ba, sai da aka sabunta ta a 1216 da 1217 da 1225, har ta zama doka.

Wani malami Ba'are, almajirin Shehu, mai suna Abdussalami, ya ga zama ya ƙi, ya kwashe mutanensa ya koma Gimbana a ƙasar Kabi. Da Yunfa ɗan Nafata ya hau, wajen 1803, ya aika da runduna ta faɗa wa Gimbana cikin azumi, aka kashe na kashewa, aka ɗaure sauran. Aka biyo da su ta kusa da Degel. Mutanen Degel suka ga 'yan'uwansu cikin igiya za a kai su bauta. A wannan karon ba su kau da kai ba, suka fita suka kwance su. Yunfa ya aiko Shehu ya fita da iyalinsa kaɗai ya bar jama'a, Shehu ya ƙi rabuwa da su. Cikin Fabrairu 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, cikin Yuni aka yi yaƙin Tafkin Kwatto, cikin Oktoba 1808 kuma rundunar Muhammadu Bello ta ci Alkalawa, Yunfa ya mutu yana faɗa. Birnin da Babari ya gina, Bawa ya ƙawata, bai cika shekara 20 bayan Bawa ba. Abin da aka daidaita a Magami da baki cikin yini guda, sai da aka yi shekaru ana zub da jini a kansa.

Kada kuma a ɗauka da aka sake masu mulki an huta da tsaron haƙƙi. Tun ana cikin jihadi, wajen 1807, Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar runduna ya nufi gabas har Kano, don baƙin cikin yadda ya ga waɗansu sun fara karkata ga neman mulki da dukiya. Haƙƙin jama'a kamar gona ya ke, ko ta wane ne, shekarar da aka bar noma ciyawa za ta rufe ta.

Gobir bayan Alkalawa

Gobirawa ba su miƙa wuya da sauƙi ba. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali ya faɗi, Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Wajen 1860 Ɗan Halima, ɗan gidan sarautar, ya rabu da Tsibiri ya kafa Sabon Birni, kusa da kufan kakanninsa. Isa kuwa ribaɗi ce ta Sakkwato mai tsaron wannan iyaka, sarautarta ta Sarkin Gobir tana hannun zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da Turawa suka zo, iyakar Ingilishi da Faransi ta raba gida biyu, Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni da Isa suka zauna Nijeriya.

Abin da ya rage gare mu

Abubuwan da aka roƙa a Magami yanzu a rubuce su ke. Tun tsarin mulkin samun 'yancin kai na 1960 aka sa babin haƙƙin ɗan ƙasa, na 1999 kuma ya maimaita shi a Babi na 4. Sashe na 33 ya kare rai, na 34 mutunci, na 35 ya hana tsare mutum ba bisa doka ba, na 38 ya ba da 'yancin addini, na 39 na magana, na 40 na taro. Sashe na 14 kuma ya ce tsaron jama'a da jin daɗinsu shi ne aikin hukuma na fari. Mun sami abin da mutanen Bawa ba su samu ba, watau rubutacciyar ƙa'ida wadda ba ta mutuwa da mutuwar mai mulki.

Amma a dubi abin da ya sami ƙasar Bawa. Cikin Mayu 2020 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. Cikin Disamba 2021 aka ƙona matafiya cikin motarsu a hanyar Sabon Birni zuwa Isa. Tun daga 2019 dubban mutane suka tsallaka iyaka zuwa ƙasar Maraɗi neman mafaka. Cikin waɗannan shekaru 'yan bindiga suka riƙa ɗora wa ƙauyuka kuɗi kafin a bar su su yi noma, suna kama mutane sai an fanshe su. Cikin Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Haraji marar ƙa'ida da ɗaurin zalunci, abubuwa biyu na ƙarshe da aka nema a Magami, su ne suka komo da wata fuska. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 kuwa, cikin ko wane mutum 100 da suka yi rajista a Nijeriya, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai 30 ba.

Ba manomin da aka kora daga gonarsa za a zarga da sakaci ba, shi ya biya da abin da ya fi ƙarfinsa. Maganar tana kan mu masu alƙalami, malaman makaranta da ma'aikatan ofis, gama mu ne a matsayin malaman nan 1,000 da suka tsaya a filin Idi. Malamin makaranta yana iya koya wa yara haƙƙinsu kamar yadda ya ke koya musu lissafi. Ma'aikaci yana iya ƙin karɓar abin da zai rufe masa baki, ya rubuta rahoton gaskiya ko da ba shi a ke son ji ba. Kowa yana iya raka maƙwabcinsa da aka tsare ba dalili, ya tambayi wakilinsa abin da ya yi, ya fita ranar zaɓe. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, amma wanda ya fi shi ne ka taya shi kashewa.

Bawa Jan Gwarzo ya ci garuruwa da yawa, yau ba ko ɗaya a hannun zuriyarsa ta hanyar takobin nan. Abin da ya wanzu shi ne labarin ranar da aka gaya masa gaskiya ya karɓa. Allah ya jiƙan magabata, ya ba shugabanninmu kunnen saurare, ya ba mu ƙarfin halin faɗa, ya kuma mai da zaman lafiya ƙasar Gobir, amin.